Dutse Mai Kwano Uku

Ranar Laraba bayan la'asar na ɗaura wa alfadarinmu amalanke, na fito da shi ta ƙofar baya. Maƙwabciyata Hadda tana shanya barkono a kan soro, sai ta leƙo.

"Zarfa, ina zuwa da yammacin nan? Ko sabon miji za ki nemo, tunda naki ya kwanta?"

"Niƙa zan kai. In na samu biyu a hanya zan kawo miki ɗaya, ki huta da leƙen gidajen mutane."

Ta yi dariya, ni ma na yi, amma tawa iyakarta haƙora. Ba sha'ir ba ne a ƙarƙashin buhunan nan. Dutse ne, kuma shi ke cinye mini miji.

Mijina Balƙasim magini ne. Kamar kowane magini a wannan gefen na duwatsun Auras, in ya rasa dutsen kusurwa ba ya zuwa nesa. Kufan Rumawa yana nan bayan tudu, duwatsu a sassaƙe tas, ba mai su. Kakanninmu ma da su suka ja katanga, ba abin da ya same su, don kowa ya san iyakarsa. Ana ɗauka a tsoffin gidaje da kasuwa. Ba a taɓa na bakin hanya, can bayan babbar ƙofa, inda mutanen garin suka binne nasu.

Balƙasim ya san wannan sarai. Amma shi mutum ne da in ka ce masa wuta ce, sai ya sa yatsa ya ji da kansa. Wata rana sai ga shi da faffaɗan farin dutse, tsawonsa kamu biyu. An sassaƙa kwano uku a fuskarsa, babba ɗaya, ƙanana biyu, da siffar kifi kwance a gefe.

"Dubi tebur, 'yar mutane! Har da kwanukansa. Kin huta da wanke-wanke."

"Daga ina ka ɗauko shi?"

"Daga inda Allah ya ajiye mini."

"Balƙasim, bayan ƙofa ka je."

"To, sai me? Mutanen da ko ƙashinsu ya zama gari?"

Ya girke shi a tsakar gida, ƙarƙashin ɓaure. Ya tsiyaya man zaitun a babban kwanon, ya yagi gurasa, ya dangwala. A wurinmu ba a cin abinci a gaban mutum ba a yi masa tayi ba, don haka ya ɗaga loma sama yana dariya, don ya ba ni haushi, ya ce, "Masu tebur, ku matso mu ci."

Ashe an ji, kuma an matso.

Tun daga ranar yake cin abincin mutum uku yana ramewa. Akushin kuskus da ke isar mu har da 'yarmu Yamina, shi kaɗai yake sharewa ya lashe hannu, ya tambayi ko da saura. Wandonsa ya daina zama a ƙugunsa. Na kai shi asibitin birni, aka ɗebi jini, aka haska ciki, aka ce ba a ga komai ba. Na karɓo rubutu wurin malamin masallaci, ya sha. Kafin kwana arba'in, mutumin da ke ɗaukar dutse a kafaɗa ya kasa ɗaga buta.

Abin da ya karya mini zuciya ya faru ne da rana tsaka. Ina ba shi gurasa a baki, ɗakin shiru. Ya tauna, ya haɗiye, ya rufe baki. Amma taunar ba ta tsaya ba. Ina jin ta a hankali, can daga cikinsa, kamar akuya tana tuƙa a bayan katanga.

Da gudu na je na kira gwaggonsa, Nanna Mbarka, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen. Tana shigowa ta ga dutsen, ta ja baya, ta ƙi ko taka inuwarsa.

"Wayyo ɗan jakin nan! Wannan ba teburin masu rai ba ne, 'yata. A kan kabari ake sa shi, a zuba wa na kwance abinci. Masu shi sun daɗe da tafiya, amma waɗanda ba ma faɗin sunansu sun gaje shi. Ya ci a kwanonsu, ya kuma yi musu tayi. Yanzu cikinsa ne kwanon."

"Nanna, ki faɗa mini abin yi. Ko kwana uku ba zai ƙara ba."

"Hannun da ke ciyar da shi, shi zai mayar. Ki kai dutsen gurbinsa. Ki cika kwanukan da gurasa da mai da madara, ba gishiri, ba sa cin gishiri. Kada ki tafi da ko ƙwaya ɗaya a jikinki, za su ɗauka faɗa kika zo. Ki gama kafin rana ta faɗi, kada ki yi magana." Ta kama haɓata da yatsunta masu tauri. "Kuma ki saurare ni da kyau. Kada abincin nan ya taɓa bakinki. Ko ɗanɗano. Wanda abincinsu ya taɓa wa baki ya zauna ci da su ke nan."

Na gasa gurasar a kasko, karo na farko a rayuwata da na kwaɓa gari ban ɗanɗana ba. Ni da Nanna muka tura dutsen kan amalanke da katako biyu, muna nishi. Balƙasim ya gaya mini wurin da muryar da ba ta fi numfashi ba: bayan ƙofa, hannun hagu, kusa da karyayyen ginshiƙi. Na bar Yamina a hannun Nanna, na fito.

Dole na jira motar masu yawon buɗe ido ta tashi, mai gadin kufan ya kulle ƙofar gaba ya hau kekensa. Wa zai yarda cewa mayarwa na zo yi, ba ɗauka ba? Jiran nan ya cinye mini lokaci. Sanda na shiga ta inda makiyaya suka yage waya, rana ta rage tsawon mashi ɗaya a kan tudu.

Na san kufan nan tun ina yarinya. A nan muke tsinkar tazargade, mu yi ɓuya a tsoffin shaguna. Ban taɓa jin tsoronsa ba. Shamuwa na kan ginshiƙai a cikin sheƙunansu, suna kaɗa baki ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar kullum. Iska na kawo ƙamshin ciyawa da kashin tumaki.

Muka hau babban titin, mai shimfiɗaɗɗun duwatsu. A jikinsu akwai layi biyu masu zurfi, inda ƙafafun amalanken tsoffin mutanen garin suka cinye dutsen. Ƙafafun tawa suka faɗa ciki, cif, kamar don su aka haƙa. Daga nan ban ƙara jan alfadarin ba. Amalanken ce ke turo shi.

Shamuwa suka yi shiru, duk a lokaci ɗaya.

Na ji ƙarar kofato a kan dutse, da kukan ƙafar amalanke, da numfashina. Sai kuma wani abu a bayan wannan. Takun ƙafa, ba takalmi, da yawa, suna bin mu a hankali. In muka rage sauri su ma su rage.

Ban waiwaya ba. Na ƙura wa kunnuwan alfadarin ido. Sun kwanta baya, sun manne da wuyansa.

Sai ƙamshi ya zo. Hayaƙin itacen zaitun, da gurasa mai zafi, da kifi a cikin mai. Garin da ba a hura wuta a cikinsa ba tun kafin kakan kakana, ga shi yana ƙamshin girkin yamma ta kowace ƙofa.

A bakin babbar ƙofar alfadarin ya kafe. Na ja, na tura, na doke shi da igiya, ni da ban taɓa dukansa ba. Jikinsa na rawa, kumfa na zuba daga bakinsa. Rana ta taɓa kan tudu. Na tuna haƙarƙarin Balƙasim, yadda nake iya ƙirga su ta cikin riga. Na cire ɗankwalina na ɗaure wa dabbar ido, na naɗe igiyar a wuyan hannuna sau uku, na ja shi muka shige.

Ƙarƙashin ƙofar sanyi ne kamar cikin rijiya.

Ga karyayyen ginshiƙi. Ga gurbin a hannun hagu, ƙasarsa baƙa, ɗanya, ko ciyawa ɗaya ba ta fito ba a kwana arba'in. Na juya amalanken, na zare sandar da ke riƙe bayanta. Na ɗauka sai na sha fama kafin dutsen ya motsa. Da kansa ya zame. Ya sauka a gurbinsa ba ƙara, sai ɗan huci kamar mutumin da ya samu wurin zama.

Takun ƙafafun ya tsaya. Sun kewaye ni. Ba na ganin kowa, amma na san yadda tsakar gida take in ta cika da baƙi suna jiran a sauke tukunya.

Na durƙusa. Na zuba madara a ƙaramin kwano. Na zuba mai a ɗayan. Rabin rana ya nutse.

Na fito da gurasar na fara gutsurawa a babban kwanon. Igiyar na fizgar hannuna. Gutsure ɗaya ya kufce, ya faɗi a ƙasa, a cikin ƙura.

Wanda ya tashi a wurinmu ya san abin da ake yi. Gurasa ni'imar Allah ce, ba a barin ta a ƙasa. Ko a tsakiyar kasuwa ka gan ta, ɗauka kake yi, ka sumbace ta, ka ɗora a goshi, ka ajiye a wuri mai tsayi. Uwata ta koya mini wannan da mari tun kafin in iya magana. Ban yi tunani ba. Wallahi ban yi tunani ba. Sabo turken wawa.

Na ɗauka. Na sumbata. Na ɗora a goshi.

Sai da gurasar ta bar leɓena na gane.

Iska ta tsaya cak.

Wata murya, dab da kunnena na dama, ƙasa-ƙasa kamar ta tsohuwa: "Ta ci."

Wata daga hagu: "Ta ci da mu."

"Ku matsa mata. Ku ba baƙuwa wuri."

Madarar ta fara raguwa a kwanon. Ina kallo. A cikin man, sawun yatsu ya bayyana, huɗu, dogaye, ya ja layi ya ɓace. Gurasar na tashi gutsure-gutsure, ba hannu. Taunar nan da na sani, wadda na ji a cikin mijina, yanzu tana ko'ina.

Na yi niyyar tashi. Wani abu mai sanyi ya danne gefen rigata, kamar yadda mai gida ke riƙe baƙon da ke son tafiya.

Sai yunwa ta sauko mini.

Na yi azumi a tsakiyar zafi, na yi naƙudar kwana biyu ba ci, ban taɓa sanin yunwa ba sai ranar. Cikina ya zama rami. Gurasar nan marar gishiri ta fi mini komai kyau a duniya. Yawu ya cika bakina. Na ga hannuna na hagu ya tashi da kansa, yana tafiya wurin kwanon.

Na san in na kai loma ɗaya baki, da safe alfadari kaɗai za a tarar.

An ce kada in yi magana. To, me ya rage da ban ɓata ba?

"Na dawo muku da kayanku," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Ku sake shi. Don Allah ku sakar mini shi."

Dariya ƙasa-ƙasa ta zaga, daga baki zuwa baki.

"Mun sake shi."

"Kwano ɗaya ya ishe mu."

Sai na ji muryar Balƙasim, tasa sak, har da dariyar ranar nan: "Matso mu ci, 'yar mutane."

Yatsuna suka taɓa gurasar.

Ba ni da wuƙa, ba ni da laya, ayar da na sani duk ta gudu daga kaina. Na sunkuya na kafa haƙora a bayan hannun nan nawa, na cije da duk ƙarfin da ya rage mini. Fata ta fashe. Jini ya cika bakina, da zafi, da gishiri.

Aka yi wani tsaki mai tsawo, kamar an zuba ruwa a kasko. Abin da ke danne rigata ya sassauta.

Ɗankwalin ya zame daga idon alfadarin. Ban san abin da ya gani ba. Ya yi wani kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba, ya zabura. Igiyar da ke hannuna ta fizge ni kamar tsumma. Ya ja ni ta ƙarƙashin ƙofar, a kan duwatsun titin, gwiwa da haɓa da kafaɗa. Ina jin takun ƙafafu a baya, da gudu, da yawa. Ina jin numfashi a diddigena.

A wurin yagaggiyar waya takun ya tsaya. Can daga ƙauye aka ɗaga kiran sallar magariba.

Na iso gida da karyayyen wuyan hannu, ba ɗankwali, ba takalmi ɗaya. Nanna Mbarka ta tare ni a zaure, fuskarta duk hawaye.

"Ya ci rabin gurasa, 'yata. Rabi kawai! Ya ture sauran ya ce ya ƙoshi. Yanzu barci yake."

Na zube a ƙasa ina kuka ina godiya. Ta ɗaga fitila za ta duba raunukana, sai ta tsaya. Ta kai yatsa goshina, ta ɗauko ɗan garin gurasa da ya manne a wurin. Ta dube shi, ta dube ni.

"Faɗuwa ta yi?"

"Faɗuwa ta yi, Nanna."

Ba ta zage ni ba. Ita ma da ita ce, abin da za ta yi ke nan. Sai ta ce, "Kin tsira da ranki, don ba ki haɗiye ba. Amma daga yau kada kowa ya sa hannu a kwanonki. Wanda ya ci a ciki, shi za su koma wa."

Shekara goma sha huɗu ke nan. Balƙasim ya warke, har tumbi ya ajiye, ko tsakuwa bai ƙara ɗaukowa daga kufai ba. Nanna ta rasu da maganar a cikinta. Ni kuwa jinin nan da na cije shi ne gishiri na ƙarshe da na ɗanɗana a duniya. Ko na zuba tafi guda a miya, lami nake ji. Ina ci, ba na mutuwa, ba na ƙoshi. Dubi hannuwana, kamar kara.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, a ƙauyen da kowa ke zama kewaye da akushi ɗaya, ni kaɗai nake ci, a kwanona, fuskata ga bango. In na gama in wanke shi da kaina in kulle a akwati. Hadda ta yaɗa cewa girman kai ne. Wasu suka ce rowa. Ranar bikin Yamina, ta kawo mini cokali, ta kira ni da sunan da ake kiran uwa a wurinmu, ta ce, "Yamma, yau kaɗai, mu ci tare," na ce mata cikina na ciwo. Ta fita gidan nan ba ta taɓa cin loma ɗaya daga hannuna ba tun tana shekara shida.

Ban taɓa gaya wa Balƙasim ba, kuma ba zan gaya masa ba. Na san mijina. Kafin in rufe baki zai cusa hannu a kwanon ya kai baki, ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Jiya da rana ya zo ya zauna kusa da ni, da gemunsa da ya yi fari. Ya miƙo hannu a hankali, kamar mai wasa. Na sauke masa ludayi a kan yatsu.

Bai yi dariya ba. Ya riƙe hannun yana kallona.

"Shekara goma sha huɗu, Zarfa. Me na yi miki da ba zai yafu ba?"

"Ba ka wanke hannu da kyau, ɗan mutane. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, yana jan ƙafa. Na juya ga bango don kada ya ga idona. Na kai loma, na tauna, na haɗiye, na rufe bakina. Sannan na zauna ina jiran su gama.